Daɓen da Kaka Ta Yi wa Guragu

Baffa ya riƙe min wuyan riga, ƙwallo kuma tana can cikin farantin gumba tana juyi. Liman ya ɗaga hannu zai shafa addu'a, hannun ya tsaya a sama. Ranar sadakar ukun Kaka ke nan, kuma ni na jawo.

Ga yadda aka yi. Na kwaso 'yan ƙwallonmu a adaidaita sahuna su zo gaisuwa. Guragu ne dukansu, a kan katako mai boris suke tafiya, a kansa suke wasa, da hannu suke buga ƙwallo. Ita ƙwallon tana ƙarƙashin kujerar baya inda take kwana kullum, na manta ban fitar ba. Ina sauke na ƙarshe ta faɗo. To an shimfiɗa tabarmin makoki ne a kan daɓen Kaka, filin wasanmu, don duk unguwar babu wuri mai kyau kamarsa, kuma sumul yake, ko ƙwai ka ajiye sai ya gangara. Ƙwallo ta bi tsakanin tabarmi a hankali kamar ita ma gaisuwa ta zo. Ta iso daidai inda Yayana, ɗaya daga cikin 'yan wasan, yake zaune. Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya zabga mata mari irin wanda yake cin 'yan ƙwallon Kunci da shi, ta tashi ta bi ta kan hular mai unguwa, ta sauka a faranti.

Wani dattijo da ya zo daga Ungogo ya ce, "Inna lillahi. Zamani." Na kusa da shi ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Daga bayan danga, inda mata suke, wata tsohuwa ƙawar Kaka ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar ta juye kuka, sauran suka kama. Cikin kukan ta ce da ƙarfi, "Wallahi da tana nan cewa za ta yi ya ci."

Baffa bai yi dariya ba. Idonsa jajur.

"Uwata ce ta mutu, ɗan nan. Uwata."

"Baffa ka yi haƙuri, faɗowa ta yi."

"A gidan mutuwa? To ku ji, kai da ɗan'uwanka. Ana tashi daga zaman nan a raba gado, mai bulo zan sayar wa wurin nan. Dama ya daɗe yana bina. Ku nemi wani wurin shashancin."

Kuma yana da ikon faɗa. Babanmu ya riga Kaka rasuwa, don haka ni da Yaya ba mu da ko taku ɗaya a gonarta. Magada biyu ne, Baffa da ƙanwarsa Gwaggo. Gwaggo kuwa tana aure a wani ƙauye, kuma a wajenmu mace ba ta cire rabonta na gona, wa ɗan'uwanta take bar wa, ya riƙa aika mata da dami in an yi girbi.

Yaya ya zura hannuwansa cikin silifas ɗin da yake tura ƙasa da su, ya juya katako. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar boris har ya sha kwana.

Tun ranar nake jin tsoron abu ɗaya. In aka jera bulo a wurin nan, nan da 'yan shekaru yaro zai tambaya wace ce ta yi filin, a rasa mai ba shi amsa. Shi ya sa zan faɗi wace ce.

Ni da Kaka ba ma gaisuwa sai da tsiya. In tana son in kai ta unguwa, ni ne "maigida." In ba ta son komai, ni ne "ɗan gudun boko," don a aji biyu na ƙaramar sakandare na ajiye jaka. Takan ce, "Kai ko tukunya aka ɗora ka a murhu sai ka sauko kafin ruwa ya tafasa." Yaya kuwa "angona" ne kullum. Shan-inna ta cinye masa ƙafafu biyu tun yana rarrafe, a bayanta ya girma. Da babanmu ya rasu gida ya yi zafi, sai ya koma mahaɗar Bacirawa, inda motoci suke cushewa, yana miƙa hannu ta tagogi. Ya daina zuwa gida ko da Sallah.

Wata safiya ta ce, "Maigida, tayar da ƙarfen nan." Na ɗauka asibiti za mu. Muna isa mahaɗa ta sauka, ta je gefen Yaya a bakin kwalta, ta zauna daɓas, ta shimfiɗa gefen mayafinta.

Yaya ya ce, "Kaka lafiya?"

"Lafiya lau. Tunda wannan ce sana'ar gidanmu yanzu, ai mata tana taya mijinta. Matsa, ka tare min masu motar."

Ta fara, "A taimaka wa tsohuwa da angonta." Wallahi har wani direba ya miƙo mata. Ni ina cikin adaidaita na rasa inda zan sa fuskata. 'Yan ƙauyenmu da ke wucewa a kan babur suna waiwaye. Yaya ya roƙe ta, ya yi fushi, ya sake roƙo. Sai da rana ta take, ya ce, "To in na koma me zan yi? In zauna a zaure ana tsallake ni?"

A nan ya gaya mata abin da ko ni ban sani ba. Ashe da yamma, in motoci sun watse a wata tasha, shi da 'yan'uwansa guragu sukan buga ƙwallo a kan simintin wurin. Ya ce, "Nan ne kawai nake gudu, Kaka. A ƙauye yashi yake cinye boris, ko ƙofar masallaci sai an ja ni."

Ta dube shi. "Yashi ne kawai matsalar?"

"Kin san kuɗin siminti kuwa?"

"Wa ya ce maka siminti? Uwarka a kan siminti aka kai ta ɗaki?"

Daɓe take nufi. Mu 'yan yanzu mun ji sunan ne kawai. Aikin mata ne na da: a baza marmara, jar tsakuwar nan, a yayyafa ruwa, a yi ta dukanta da madaɓi har ta kwanta, sannan a zuba makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ya shiga ya riƙe ta ta yi baƙi tana sheƙi. Ɗakin amarya ake yi wa, ko tsakar gida. Ba wanda ya taɓa jin an daɓe gona. Ita kuwa ta nuna gefen gonarta da ke bakin hanya, inda ake sussuka, ta ce nan.

Baffa ya ce mutane za su ce ta rikice. Ta ce, "Da suka ce ina da hankali me suka ba ni?" Ya yi ta ƙunƙuni, amma fa shi ya ɗaura shanunsa a amalanke ya yi ta jido marmara. Wannan ba zan ɓoye masa ba.

Ranar gayyar daɓen, jama'a, ban taɓa ganin irinta ba. Tsofaffi suka zaƙulo madaɓansu daga ƙarƙashin gado, wasu gara ta fara ci. Matan zamani ba su iya ba, suna bugawa kamar masu kashe kunama. Kaka ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta shiga gaba, ta durƙusa, ta ba da waƙa:

"Buga 'yar nan, buga,
ƙasa ba ta jin lallashi."

Suka amsa, madaɓai suka sauka tare, tim, tim, kana ji a ƙirjinka. An hana maza matsowa, muna can kan ɗorawa muna leƙe. Da ya bushe, Yaya ya ɗora katakonsa, ya tura sau ɗaya. Ya tafi. Ya tafi har ƙarshe bai sake taɓa ƙasa ba, ya faɗa cikin karan dawa, ƙafa sama. Muka ji yana dariya daga ciki. Kaka ta ce, "A ciro min angona, kar akuya ta riga ni."

Kafin wata ya zagayo guragu sun fara fitowa daga inda ban san akwai su ba. Wani ƙauyen da nake wucewa kullum, ashe akwai saurayi a bayan ɗaki shekara da shekaru. Wani daga rugar Fulani, babansa ya kawo shi a kan jaki. Ni ne mai jigila, daga baya na naɗa kaina koci. Yaya ya kafa rumfa a gefe yana gyaran takalmi da ɗinkin ƙwallo, 'yan kallo su ne masu kawo masa aiki.

Dokar Kaka ɗaya ce: ba a taka daɓe a tsaye lokacin wasa. Duk mai son bugawa, ko ƙafarsa huɗu, sai ya zauna a katako. Ɗan mai unguwa ya zo da takalmin ƙwallo sabo fil, ta ce, "Cire, samari. Nan kowa gindinsa ɗaya." Ya zauna. Aka yi ta zagaye shi kamar turmi, ya kife ya fi a ƙirga, kafin a tashi tafin hannunsa ya yi ruwa. Washegari ya dawo, ya je wajen Bafulatanin nan yana cewa, "Don Allah ya kake juyawa haka?" Yaron da da in ya gan shi a hanya sadaka zai jefa masa. Ni ma na zauna, kuma ba zan faɗi yadda aka yi da ni ba.

Alƙalin wasa ma ita ta zaɓa, wani kurma mai facin taya. Na ce Kaka ai ba ya ji. Ta ce, "Shi ya sa. Ku yi ta zaginsa."

Ba ta taɓa gane ofsayid ba, ba ta ma yarda akwai shi ba. Tana zama a kujerarta 'yar tsugunne da kwanon man kaɗanya, duk wanda ya fito hutu sai ya miƙa hannu ta shafa masa a inda ya yi kanta ko ya tsage, namu da na baƙi duka. In ɗan wata ƙungiya ya ci mu, guɗa take yi. In na yi magana ta ce, "Shi ba uwa ce ta haife shi ba?"

Na sha nuna mata bidiyo a waya. Makafi a wata ƙasa suna bin ƙwallo mai ƙararrawa a ciki. Masu ƙafa ɗaya suna gudu da sanduna a bakin teku. 'Yan mata a sansanin gudun hijira da lulluɓinsu suna buga tamaula. Ta kawo wayar dab da ido, ta daɗe, ta ce, "Ashe Inna ta zaga duniya." Can kuma ta ce, "Su wa ya yi musu nasu daɓen?" Muna da guruf da wasu 'yan wasa irin namu na Nijar da Gana, na tura musu hoton filin, suka ƙi yarda ba siminti ba ne. Sai da ta karɓi wayar da kanta ta yi musu bayanin makuba, har da faɗa, wai kar su yi rowar ruwa.

Ni da Kaka mun yi rigima sau ɗaya mai zafi. 'Yan Kunci sun zo, gari ya cika, har kan amalanke mutane. A cikinmu akwai wani dattijon gurgu mai gyaran rediyo, ba ya fashin atisaye, amma kafin ya juya katako an sha ruwa an dawo. Na ajiye shi a waje. Ana tsakiyar wasa, muna gaba, sai ga Kaka ta tako cikin fili, ta karya dokarta da kanta, ta ɗauki ƙwallo ta zauna a kai.

"Ina mai rediyo?"

"Kaka, ana kallonmu. Bari mu ci tukuna."

"Da gwiwata na daɓe wurin nan, har yau ba ta miƙe daidai ba. Na daɓe ne don a sake ajiye wani a zaure?"

Aka sa shi. Aka farke, aka ƙara mana. Na yi kwanaki ban shiga ɗakinta ba, ita ma ta daina ajiye min fura. Har yau ina nan a kan bakana, da ta bari da mun ci. Amma mai rediyo ya taɓa ƙwallo a gaban matarsa da 'ya'yansa, kuma ranar jana'izar Kaka shi ya bi gawa a kan katako cikin yashi har maƙabarta, ya ƙi yarda a ɗauke shi.

Ciwon ajalinta zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, cikin zafin bazara. Da hantsi ta cika. Allah ya sanyaya mata makwanci yadda ta sanyaya hannuwan mutane, ya shimfiɗa mata wurin da ya fi wanda ta shimfiɗa mana.

Washegarin abin da ya faru da ƙwallon nan, na leƙa rumfar Yaya, ba shi, ba katakonsa. Ya bar zare da basilla a ƙasa. Da azahar na ɗebo fasinja zuwa Bacirawa, ina shiga mahaɗa na hango shi a tsohon wurinsa, hannu a tagar wata mota. Ya gan ni. Ya juya fuska. Na baya suna ta hon, fasinja suna "Malam tafi mana," na wuce. Na kira, bai ɗauka ba. Na sake, ya kashe.

Bayan sadakar bakwai mata suka shiga kwashe kayan ɗakin Kaka. Ina waje na ji Gwaggo tana kirana. Ta buɗe wata tsohuwar randa a lungu, wari ya bugo ni. Ɓawon ɗorawa ne a jiƙe, ruwan ya yi baƙi ƙirin. Duk shekara kafin damina sai an sabunta daɓe, in ba haka ba ruwan farko zai farfasa shi. Ashe kafin ta kwanta ta riga ta jiƙa na bana.

Gwaggo mace ce mai sanyi, ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar ɗaki ba. Ta daɗe tana kallon randar. Ta ce, "Makuba ba ta jira. In ta wuce kwanakinta ta lalace." Ta ɗauki madaɓin Kaka ta fita.

Kafin rana ta yi zafi mata sun cika filin. Ba wanda ya yi shela, ƙarar madaɓi ce ta kira su. Matar Baffa ma tana ciki, a sahun gaba. Baffa ya fito da sauri, ya tsaya a bakin daɓe, don ko shi ba zai kutsa cikin matan mutane ba.

"Ke, me kuke yi haka? Wurin da za a sayar?"

Gwaggo ta amsa wa wan nata ba ta ɗago ba. "Yaya, in an zo rabo, a yanka min nawa."

"Naki ai yana wajena, kamar yadda aka saba. Na taɓa hana ki dami?"

"Ba ka taɓa ba, Allah ya saka. Amma a yanka min. Daga nan gefen."

"Me za ki yi da marmara? Ko gero ba ya fita."

"Ban ce shuka zan yi ba."

Matar Baffa ta ce, "Malam matsa, inuwarka tana hana shi bushewa." Tsofaffi suka sa guɗa. Baffa ya tsaya. Na ga yana kallon madaɓin da ke hannun Gwaggo, wanda gumin uwarsu ya sa ya yi baƙi. Ya goge fuska da hula ya koma gida.

Ba a ba mu duka ba. Da malamai suka zo rabo, suka ce bakin hanya ya fi cikin gona daraja, don haka rabon Gwaggo bai kai ƙarshen fili ba. Aka kafa turke, ragar gabas ta faɗa ɓangaren Baffa, kuma mai bulo ya riga ya sauke yashi a can. Baffa bai janye ba, har yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata. Amma abin da ya rage namu ne, ya sha makuba, yana sheƙi kamar bayan tulu. 'Yan wasa suka taru za su hau, Gwaggo ta ja igiya ta zagaye shi, ta ce ba yanzu ba.

Na zauna a cikin adaidaita na rubuta wa Yaya wannan:

"Yaya, na san kana gani ko ba ka amsa ba. Gwaggo ta cire gadonta, daga daɓe aka yanka mata. Ya rage tsawo, ragar gabas ta tafi, amma an sabunta shi kuma ya bushe. Ta sa igiya, ta ce ba boris ɗin da zai hau kafin naka, ko da ruwa zai sauko ya same mu a haka. Duk muna gefe a zaune muna kallonsa, mai rediyo har ya fara zaginka. Gobe bayan la'asar zan zo mahaɗa, ba zan ɗauki fasinja ko ɗaya ba. In fushi kake yi ka taho da shi, akwai wuri a baya."